Hirar Hutu A Gusau, Tsafe Da Bunguɗu: Asalin Wasa Ƙwaƙwalwa, Sharhin Littafi, Wasanni Da Zanen Barkwanci

A duk lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ayyana hutun Ƙaramar Sallah ko Babba, ko na Maulidi, ko na Kirsimeti da sabuwar shekara, ofisoshin Sakatariyar J.B. Yakubu da ke Gusau kan kasance a rufe, 'yan kasuwa su rage zaman rumfa, 'yan asalin Tsafe da Bunguɗu masu aiki a Kaduna da Abuja da Legas kuma su kamo hanyar gida. Bayan an sauko daga idi an gama ziyarar dangi, abin da ke cinye sauran kwanakin shi ne hira. Wanda ya saurari majalisun waɗannan garuruwa, idan aka ajiye siyasa da tsadar kaya gefe guda, zai tarar hirar na yawan zagayawa a kan abubuwa huɗu: wasan da ke gwada kaifin ƙwaƙwalwa, littafin da wani ya karanta ko ya saurara, sakamakon ƙwallo ko dambe, da kuma wani zane ko labarin ban dariya da ya zaga gari.

Waɗannan huɗun su ne jaridun duniya suka saba tarawa a shafukansu na baya a ƙarshen mako da lokacin hutu. Sai dai kowannensu yana da tushe a ƙasar Hausa tun kafin zuwan jarida. Wannan maƙala ta bi su ɗaya bayan ɗaya: inda suka samo asali, siffar da suka ɗauka a wurin Bahaushe, da halin da suke ciki yau a garuruwan nan uku na Jihar Zamfara.

Garuruwan uku da majalisunsu

Gusau ita ce hedikwatar Jihar Zamfara tun ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke jihar daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, shi ya kafa garin, kuma sarautarsa ita ce Sarkin Katsinan Gusau. Bunƙasarsa ta zamani ta biyo bayan isowar layin dogo daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920, wanda ya wuce har Ƙauran Namoda. Jirgin ƙasa ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga, ya kuma kawo akawu da malaman makaranta da fatake daga kudu, waɗanda suka zauna a Sabon Gari. Da su jarida ta shigo garin, da ƙwallon ƙafa, da wasannin tebur irin su ludo da dirafti.

Tsafe na kudu maso gabas da Gusau a kan hanyar Funtuwa, sarkinta kuma shi ne 'Yandoton Tsafe. Sunan sarautar yana tuna wa mutane tsohon garin 'Yandoto da ke kusa, wanda ya shahara da malamai da tarin littattafai tun kafin jihadi. Bunguɗu kuwa na kan hanyar Sakkwato, a bakin gulbin da ya ratso ta Gusau, sarautarta ita ce Sarkin Fulanin Bunguɗu. A ƙaramar hukumarta ne Kwatarkwashi take, mai sanannen dutsen nan da matafiyi ke hangowa tun daga nesa.

Wurin hira a dukkan garuruwan shi ne majalisa: tabarma ko benci a ƙofar gida, ko gindin bishiya, ko gefen teburin mai shayi, inda sa'o'in juna ke haɗuwa bayan La'asar ko bayan Isha'i. Kowace majalisa tana da 'ya'yanta da aka sani, da wanda ya saba ɗaukar nauyin shayi, da wanda ake jira ya kawo labari. Mata kuma suna da tasu hirar a cikin gida, musamman ranakun Sallah da ake kai tuwo da gaisuwa gida-gida. Hutu yana da muhimmanci ga majalisa domin shi ke dawo da waɗanda aiki ko fatauci ya raba da ita, kowa da abin da ya gani a inda ya fito.

Wasa ƙwaƙwalwa: daga kacici-kacici zuwa cike gurbi

Wasan cike gurbin kalmomi, wanda ake zana gidaje baƙaƙe da farare a nemi mai karatu ya cika su a tsaye da kwance, ɗan hutu ne tun haihuwarsa. Wani ɗan jarida haifaffen Libaful a Ingila, Arthur Wynne, shi ya fara buga shi a shafin nishaɗi na jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913, kwana huɗu kafin Kirsimeti. A 1924 aka fitar da littafin farko da ya tattara irin waɗannan wasanni, jaridar Times ta Landan ta rungume shi a 1930, New York Times kuma sai a 1942. Ta hannun jaridun Ingilishi ya iso Najeriya, ya zama abokin zaman ma'aikata da malaman makaranta.

Bahaushe bai jira wannan ba kafin ya san wasa ƙwaƙwalwa. Kacici-kacici, wanda yara ke yi da dare kafin tatsuniya ko bayanta, yana aiki da dabarar da mai tsara cike gurbi ke amfani da ita, wato a siffanta abu ta hanyar da za ta ɓoye shi. Idan aka ce "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," amsar ita ce tsintsiya. Idan aka ce "baba na ɗaka, gemu na waje," ana nufin wuta da hayaƙi. Wanda ya kasa amsawa sai ya ba da gari, mai tambaya ya karɓa ko ya raina garin ya nemi wanda ya fi shi, sannan ya warware.

Manya kuma suna da dara. Ana tona gurbi 30 a ƙasa, layi biyar a gefe ɗaya shida a ɗaya gefen, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan da tsinkaye wancan da duwatsu ko 'ya'yan itace. Da farko ana dasa su ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda kowa ya jera uku a lokacin dashe ba. Bayan nan sai a fara tafiya gurbi ɗaya gaba, ko baya, ko gefe. Duk wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin karawarsa, har sai ɗayansu ya kasa haɗa uku. Daga wannan wasa harshe ya samo maganar "dara ta ci gida," kuma kalmar gurbi da ake kiran gidajen cike gurbi da ita ita ce ta ramukan dara.

Zaurukan malamai ma suna da nasu. Akwai ramzi, inda mawaƙi ke ɓoye shekarar da ya kammala waƙarsa cikin kalma ɗaya ta hanyar lissafin haruffa. A tsarin Magaribi da malaman ƙasar Hausa ke bi, shin na daidai da 1000, ra 200, ya 10, ha ƙarami 8. Wanda ya haɗa huɗun ya samu 1218, shekarar da Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Akwai kuma ilimin hatimi, inda ake jera lambobi a gidaje ta yadda jimillarsu za ta zo daidai ta kowace fuska. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan ƙa'idojin wannan jeri, masu tarihin lissafi na ambatonsa har yau. Mai cika sudoku a jarida yana aiki ne da gidaje masu kama da waɗannan, ko da yake ƙa'idar ta bambanta.

Abin mamaki shi ne ƙarancin cike gurbi a jaridun Hausa, alhali harshen ya dace da shi ƙwarai. Yawancin gaɓoɓin Hausa baƙi ne da wasali, kuma kusan kowace kalma da wasali take ƙarewa, don haka kalmomi na saurin sarƙuwa da juna. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, wannan kuwa ya ba mai tsarawa taskar kalmomi masu fuska biyu. Zai iya cewa "ana zama a cikinsa, ana kuma tuƙa tuwo da shi," amsa ta zama gari. Zai iya cewa "jariri na yi, uwarsa na kaɗa miya da ita," amsa ta zama kuka. Haka wuya, da fari, da baba.

Matsalolin guda uku ne. Ta farko, haruffa masu lanƙwasa: dole ɓ da ɗ da ƙ su tsaya daban da b da d da k, in ba haka ba ƙafa da kafa su faɗa gida ɗaya. Ta biyu, tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da ƙw, ko gida ɗaya za su ci ko biyu. Ta uku, karin harshe. Bazamfare kan ce hwara inda Bakano ke cewa fara, ya ce ɗiya inda wancan ke cewa 'ya'ya, ya ce wanga da wagga a maimakon wannan. Mai tsara wasa ga jaridar ƙasa sai ya tsaya kan daidaitacciyar Hausa, ko ya sanar da mai karatu cewa amsar da ake nema ta mutanen yamma ce.

A fagen wasan haɗa kalmomi na Ingilishi kuwa Najeriya ta yi fice. A watan Nuwamban 2015 Wellington Jighere ya lashe gasar Scrabble ta duniya a birnin Perth na Ostareliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi haka.

Sharhin littafi

Yin magana a kan littafin wani tsohuwar al'ada ce a wannan yanki. Malaman zaure sun san sharhi, wato littafin da ke warware wani littafi. Sun san hashiya da ake rubutawa a gefen shafi, da taƙarizi, yabon da malami ke yi wa aikin ɗan'uwansa, da tahamisi, inda mawaƙi ke ƙara layuka uku a kan kowane baiti mai layi biyu na waƙar wani. Shehu Usmanu kansa ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a ƙasar Zamfara kafin jihadi.

Sharhin ƙagaggen labari ya zo ne da boko. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi na John Tafida da East shi ma ɗan wannan zubi ne. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam na edita, shafin wasiƙunta kuma ya zama majalisar farko da ta haɗa masu karatun Arewa duka. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta riƙa fitar da ƙananan jaridu na larduna. Ta Lardin Sakkwato, wanda Gusau da Tsafe da Bunguɗu ke ciki a lokacin, ita ce Zaruma.

Gusau na da hannu a babi na gaba. Gasar da kamfanin NNPC na Zariya ya shirya a ƙarshen shekarun 1970 ta fitar da littattafai uku a 1980: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. Hajiya Hafsatu haifaffiyar Kano ce da ta daɗe tana zaune a Gusau, kuma ana lissafa littafinta a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da aka buga wa mace. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka fara buga wa kansu littafi, aka samu Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa. Littattafan sun bi motocin kasuwa daga Kano suka cika teburan masu sayarwa da masu ba da haya a garuruwan Zamfara.

Su ne suka jawo muhawarar adabi mafi zafi da jaridun Arewa suka taɓa ɗauka. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, yana ganin na yayi ne marasa zurfi. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka kare su da hujjar cewa sun koya wa dubban mata da matasa son karatu. Ibrahim Sheme ya buɗe wa ɓangarorin fili a shafin adabi na New Nigerian ta ƙarshen mako. Amfanin wannan muhawara shi ne ta nuna cewa sharhi ya wuce yabo. Mai sharhi na gaskiya yana faɗin jigon littafi, da zubinsa da tsarinsa, da salon marubucin, da inda taurarin labarin suka yi rai da inda suka zama gumaka, ba tare da ya tona ƙarshen labari ga wanda bai karanta ba. A ɓangaren waƙar baka, ɗan garin Gusau ne, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, ya shimfiɗa irin wannan ma'auni a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka, wanda ɗalibai ke auna waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da shi.

Yau yawancin sababbin labarai a waya ake karanta su, ta WhatsApp da Wattpad da makamantansu, ko a saurare su a rediyo da YouTube. Gasa biyu na taimakawa wajen tace su: Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, da gasar marubutan Hausa ta cibiyar Gusau Institute da Janar Aliyu Mohammed Gusau ya kafa a Kaduna. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sharhi mai zaman kansa. Sau da yawa abin da ake kira sharhi a taron ƙaddamar da littafi taƙarizi ne, domin marubuci na zaune, mai sharhi kuma baƙonsa ne. A majalisar hutu, inda marubucin ba ya nan, an fi jin gaskiyar ra'ayin mai karatu.

Wasanni: dambe, kokawa da ƙwallo

Kafin ƙwallon ƙafa, wasan da ke tara jama'a a wannan yanki shi ne dambe da kokawa, lokacinsu kuma kaka, bayan amfanin gona ya shigo gida. Dambe asalinsa na mahauta ne. Ɗan dambe na naɗe hannu ɗaya da zare ya kai naushi da shi, ya tsare da ɗayan. Ana yin turmi uku, kuma da zarar hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, a yaren fage. 'Yan wasa sun kasu rukuni uku, Kudu da Arewa da Guramada, makaɗa na zuga kowa da takensa. Waƙoƙin Ɗan Anace sun sa sunan Shago da Ɗandunawa ya zauna a bakin mutanen da ba su taɓa ganin su a fage ba. Yanzu gidajen dambe na birane na karɓar kuɗin shiga, hotunan karawar kuma na yawo a intanet har ƙasashen waje. Masu sha'awar kokawa na bin gasar Takobi ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka fara a 1975, kasancewar arewacin Zamfara na iyaka da yankin Maraɗi.

Ƙungiyar ƙwallon jihar ita ce Zamfara United, gidanta filin wasa na tunawa da Sardauna a Gusau, kuma ta buga babbar gasar Najeriya a ƙarshen shekarun 2000 kafin ta faɗo. Tun daga nan masu bin gasar cikin gida suka fi karkata ga Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofi a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Hirar Super Eagles ba ta rasa shekaru uku na kofin Afirka, 1980 da 1994 da 2013, da zinaren Atlanta na 1996, da ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura wa Ajantina a 2014 da biyun da ya zura wa Aisland a 2018.

Duk da haka ƙwallon Turai ce ke cin kaso mafi tsoka na hirar matasa. Bayan gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci ranar 27 ga Oktoba, 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, an rufe gidajen silima an kuma haramta caca. Da tauraron ɗan'adam ya yawaita, gidan kallon ƙwallo, rumfar kwano mai benci da janareta, ya zama wurin taruwar samari da yamma. Hutun ƙarshen shekara ya fi kowane armashi a nan, domin gasar Firimiyar Ingila ba ta tsayawa lokacin Kirsimeti. Ranar 26 ga Disamba ma tsohuwar ranar wasa ce a can. Gardamar magoya bayan Arsenal da Manchester United da Chelsea, ko Real Madrid da Barcelona, ta ɗauki siffar wasan taubasai: zolaya mai zafi wadda ba a so ta kai ga faɗa. Abin da iyaye ke kuka da shi shi ne cacar ƙwallo ta waya, wadda ta shigo aljihun yara ba tare da ta bi ta ƙofar da hukuma ke tsaro ba.

Zanen barkwanci

Labarin zane mai gidaje a jere ya bunƙasa ne a jaridun Lahadi na Amurka a shekarun 1890. A Najeriya, Akinola Lasekan, mai sa hannu da Lash, shi ake ɗauka majagaba, da zanensa na sukar mulkin mallaka a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe. A 1976 Wale Adenuga ya fara mujallar Ikebe Super, wadda ta haifi Papa Ajasco. A ɓangaren Hausa, tsofaffin masu karatu na tuna Sauna Jak, labarin zane da ya fito daga maɗaba'ar Zariya. A wannan zamani zanen Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust na daga cikin waɗanda suka fi yawo a wayoyin Arewa, kuma sau da dama matsalar tsaro da talauci yake taɓawa.

Zane iri biyu ne, kuma yana da kyau a bambance su. Akwai na siyasa, gida ɗaya tak, mai ɗauke da habaici ga masu mulki. Akwai na labari, gida uku ko huɗu, mai tauraro ɗaya da ke dawowa kullum da halinsa da aka sani. Na biyun ya fi kusa da abin da Bahaushe ya gada: Gizo mai wayon da ke kai shi ga kunya, da Ƙoƙi matarsa, da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja. Na farkon kuwa ɗan'uwan zambo ne da habaicin makaɗan fada, da wasannin tashe na watan azumi, inda yara ke kwaikwayon mai rowa da malamin ƙarya a gaban jama'a ba wanda ya ce don me. Wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, shi ma ya koya wa al'umma cewa akwai gaskiyar da ba a iya faɗa sai da dariya.

Rauni a nan shi ne yawancin zanen da ke yawo da Ingilishi aka rubuta maganarsa, don haka ɗan kasuwar da bai yi boko mai zurfi ba sai an fassara masa, barkwanci kuwa ba ya son tafinta. Gurbin da zanen Hausa ya bari, 'yan wasan kwaikwayo ne suka cike shi, daga Samanja da Karkuzu a talabijin zuwa marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, zuwa gajerun bidiyoyin TikTok na yau.

Abin da ya sauya

Abu biyu sun taɓa hirar hutu a garuruwan nan. Na farko shi ne rashin tsaro. Hare-haren 'yan bindiga da satar mutane domin kuɗin fansa, musamman a hanyar Funtuwa zuwa Tsafe zuwa Gusau da ƙauyukan Bunguɗu, sun sa ma'aikata da 'yan kasuwa da dama na auna tafiya gida sau biyu. Wasu kan zo su kwana a Gusau su leƙa ƙauye da rana, wasu su aika da goron Sallah ta banki. Majalisar dare ta gajarta a gefen gari, dandalin da yara ke kacici-kacici a farin wata ya yi shiru a ƙauyuka da yawa, damben kaka kuma ya koma cikin birni.

Na biyu shi ne waya. Ta sauƙaƙa samun sakamakon wasa da sabon labari, ta kuma haɗa 'yan majalisa ɗaya da ke garuruwa daban-daban. Amma ta rage sayen jaridar takarda, wadda shafinta na baya ke bin hannu goma kafin a naɗe ƙosai da shi. Zamfarawa sun ga iyakar dogaro da ita a farkon Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle domin yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba. A waɗannan makonni mutane kan yi tafiya har wajen jihar domin buga waya, labari kuma ya koma hannun rediyo da bakin matafiya da majalisa, kamar yadda yake a da.

Kayan gyara na nan kusa. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Maru, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata da ke Gusau, suna da malamai da ɗaliban harshe da za su iya tattara kacici-kacicin Zamfara da karin harshensa kafin tsofaffin da suka riƙe shi su ƙare, su kuma daidaita ƙa'idar cike gurbi da Hausa. Gidan Rediyon Zamfara da Pride FM na da filin da za a karanta littafi a tattauna shi. Jaridun Hausa na iya ware shafi guda a mako ga wasa ƙwaƙwalwa da sharhi da zane mai magana da Hausa. Dara kuwa ba ta buƙatar komai sai ƙasa mai laushi, da tsinkaye 12, da duwatsu 12, da mutum biyu da hankalinsu ke kwance.